Tsakanin Tunawa da Kewa

Shekara talatin da ɗaya Nhan tana sayar da taliya da romon naman sa a bakin layinsu a birnin Hue, ba ta taɓa neman Turanci ba sai da jikarta Uyen ta yi wayo. A Melbourne, can ƙasar Turawa, aka haifi yarinyar, shekarunta tara, kuma a harshen uwarta ba abin da take ji sai sunayen abinci. Idan aka haɗa su a waya, sai dai su yi ta murmushi suna ɗaga wa juna hannu.

Shi ya sa Nhan ta maƙale wa maƙwabcinta Malam Khiem, tsohon malamin Turanci da ya yi ritaya. Kullum da hantsi, idan masu karin kumallo sun watse, sai ya zauna a 'yar kujerar roba, ta zuba masa kwano ɗaya, shi kuma ya ba ta kalma biyar.

"Yaya, harshen nan naki ya fi ƙashin miyarki tauri," yakan ce.

"Naka kuma ba ya gajiya da lasa. Ci gaba, Malam."

Wata Laraba Malam ya tafi a duba masa ido. Ruwa ya wuni yana zuba, ciniki ya tsaya. Nhan tana gyaran ɗaki ta ci karo da silifa ƙafa ɗaya da Uyen ta bari tun zuwansu bikin sabuwar shekara. Ta daɗe riƙe da ita. A harshensu kalma ɗaya ce take nufin tunawa, take kuma nufin kewa. Ta nemo ta a littafinta na darasi, ta ga abin da Malam ya rubuta a gabanta, ta danna saƙon murya a waya ta faɗa a hankali: "Uyen, I remember you." Don jin daɗin yadda ya fita, sai da ta aika sau uku.

Washegari da sassafe 'yarta Dieu, uwar Uyen, ta kira.

"Mama, lafiyarki kuwa? Kin ga likita kwanan nan?"

"Likitan me? Tun asuba nake kan tukunya."

Dieu ta sauke ajiyar zuciya. Ta ce jiya Uyen ko abinci ba ta ci ba. Kakanta na wajen uba yana fama da ciwon mantuwa, kuma ranar da ya ɗan samu sauƙi yakan ƙura mata ido ya faɗi wannan maganar daidai, wato ya tuna ta. Yarinya ta ɗauka ke nan ciwon ya kama kakarta ta Hue ma.

Nhan ta ajiye ludayi.

Da Malam ya iso ta kwashe labari ta gaya masa, tana jiran dariya. Bai yi ba.

"Laifina ne, rabin kalmar na ba ki," ya ce. Ya taɓa goshinsa. "Remember a nan take, kamar ki tuna inda kika ajiye makulli." Ya dafa ƙirji. "Miss kuma a nan, idan rashin mutum yana cin ki."

"To in duka biyun ke damuna fa?"

"Sai ki faɗi duka biyun, ba wanda zai ci ki tara."

Ta maimaita ta fi sau ashirin, har taliyarsa ta huce.

Da aka tashi Uyen daga makaranta, Nhan ta kira, ta faɗi sabuwar kalmar. Yarinyar ba ta saki fuska ba. Ta sa uwarta ta yi tafinta, ta shiga yi wa kakarta jarrabawa: sunan kyanwarta, ranar haihuwarta, kalar kekenta. Nhan ta amsa duka, ta ƙara da cewa ba ta manta wadda ke ɓoye ganyen miya a ƙarƙashin tebur ba. Nan Uyen ta ƙyalƙyale da dariya.

Sai ta tambayi yadda ake faɗin abin a harshen kakarta. Nhan ta faɗa mata, Uyen ta gwada, amma muryar ta karkace, kalmar ta koma "ƙarama".

"Ni ce ƙarama? Ja'ira, sake faɗa!"

Tun daga ranar, duk Lahadi suke zama a waya, kowacce tana gyara wa 'yar'uwarta baki.