Rarar Inci Biyu

Ana gobe za su tare, Tela ya shigo sabon gidan da sassafe, tef ɗin awo rataye a wuyansa, guntun alli a bayan kunne. Shekara ashirin da bakwai shi da matarsa suna yawon gidajen haya. Wannan kuwa nasu ne: ɗaki uku, falo, kicin, da wani ɗan ɗaki a gaba inda zai kafa keken ɗinkinsa. Kaya duk an ɗaure su a can tsohon gida, motar kwasa za ta zo gobe da safe, an kuma riga an gaya wa mai gidan hayar ya zo ya karɓi makullansa.

Ya bi gidan kamar yadda yake bin riga kafin ya miƙa wa mai ita, duk inda ya ga aibi ya ja masa alli. Makunnin falo fitilar baranda yake kunnawa, na baranda kuma yana kunna ta falo. Alli. Famfon banɗaki yana ɗiga, ɗis, ɗis, kamar mai ƙirga wani abu. Alli. Mai fenti ya bar ɗigo a gilashin taga, wannan bai jira kowa ba, ya zaro reza daga aljihu ya kankare. Ya kwara bokitin ruwa a banɗaki, ya tsaya hannu a ƙugu har ya ga ruwan ya bi magudana bai kwanta a lungu ba, sannan ya gyaɗa kai.

A kicin ya fi daɗewa. Bango ya sha tayil shuɗi, an bar wani dogon fili daga wannan bango zuwa wancan, yana jiran kabad.

Kabad ɗin nan shi ne maganar. Matarsa, wadda yaransu suka laƙaba wa Sufeto saboda takan shafa yatsa a saman ƙofa ta duba ƙura, ba ta taɓa mallakar kicin ba. Ta yi girki a baranda, ta yi a ƙarƙashin bene, ta yi a kicin ɗin da mata huɗu ke rabawa, kowa na sa wa tukunyarta ido. Da aka fara ginin nan ba ta nemi komai ba sai abu ɗaya: dogon kabad daga bango zuwa bango, mai durowa shida, samansa dutse. Tayil ɗin ma ita ta zaɓa, kwana uku tana zagaya shaguna kafin ta sami shuɗin da ya kwanta mata. Ta kuma faɗa masa ba da wasa ba:

"Ranar da kabad ɗina ya zauna, ranar zan tare. In bai zauna ba, ka ɗauki kekenka ka yi gaba, ni ka bar ni a kan ƙullin kayana."

Ƙaninta ne kafintan, don haka ta ce a bar shi ya zo ya auna da kansa. Nan Tela ya ji an taɓa shi.

"Ni da na shekara arba'in ina auna mutane," ya ce, "masu motsi, masu tumbi, masu riƙe numfashi don a ce ba su yi ƙiba ba, bangon da ke tsaye wuri ɗaya ne zai gagare ni?"

Ya auna filin kabad, ya auna bakin ƙofar ɗakin ɗinki, ya rubuta a bayan wani kwali ya aika wa Kafinta. Kabad ɗin da ƙofar su kaɗai suka rage a gidan, kuma yau za a kawo su.

Wajen ƙarfe goma Kafinta ya iso da ƙofar a saman motarsa.

"Mijin Yaya! Har ka gama zane gidan da alli? Ai sai a yanka a ɗinka."

"Sauke ƙofa ka bar surutu. Ina kabad?"

"Yana hanya. Babbar mota zai biyo da rana, Yaya ta ce ita za ta rako shi, kada direba ya faɗa rami da shi."

Suka ciccibi ƙofar zuwa ɗakin ɗinki. Ƙofa ce mai kyau, tana ƙamshin sabon katako. Suka miƙar da ita, suka tura. Gefe ɗaya ya shiga, ɗayan ya tokare bango. Suka juya ta, suka sake turawa. Ta ƙi.

"Ka yi ta da faɗi," in ji Tela.

"Ni? Abin da ka rubuta na yi." Kafinta ya zaro kwalin daga aljihun rigarsa. "Ga hannunka nan. Talatin da shida."

"To magini ne ya tsuke wurin."

"Bayan ka auna ya dawo da dare ya tsuke? Mijin Yaya, auna mu gani."

Tela ya ciro tef daga wuyansa da irin yangar da yake yi a gaban sabon mai kawo ɗinki. Ya kafa kan tef ɗin a wannan gefe, ya ja zuwa wancan, ya ce da ƙarfi, "Talatin da huɗu." Ya zaro alli ya rubuta a bango.

Kafinta ya dubi bangon, ya dubi Tela, sai ya zauna a kan wani bokitin fenti yana riƙe ciki.

"Mene ne abin dariya?"

"Karanta abin da ka rubuta."

Tela ya duba. Talatin da shida ne a bangon, da hannunsa, da allinsa.

"Bakinka ya ce da huɗu, hannunka ya ce da shida," Kafinta ya ce yana share hawaye. "Wa zan bi a cikinsu?"

Sai a lokacin Tela ya gane. Duk telan kirki in ya auna mutum yakan ƙara rara, don ɗinki ya sami abin ci, mai riga kuma ya sami wurin numfashi. Shi inci biyu yake ƙarawa. Shekara arba'in yana yi, har hannun ya daina neman izininsa.

"To," ya ce a hankali, "ƙofa ai ana ragewa."

"Ana ragewa. Inci ɗaya nan, inci ɗaya can, aikin rabin awa ne."

Tela ya buɗe baki zai ce madalla, sai ya tuna da awon kabad. Ya juya ya nufi kicin da sauri, takalminsa ɗaya ya kusa fita. Ya ja tef daga bango zuwa bango, wannan karon ya sa hannun allin a aljihu. Casa'in da huɗu. Ya karɓi kwalin ya duba. Casa'in da shida.

Gumi ya keto masa, alhali iska na shigowa ta taga.

"Ƙanena," ya ce. Rabon da ya kira shi haka tun ranar da ya nemi aron motarsa. "Kabad ɗin nan, ba za a ɗan kama shi ta baya ba?"

"A kama shi? Wando ne?"

"A rage gefe ɗaya."

"Durowa shida ne a jere, kowace da gidanta. Saman kuma dutse ne, an yanka an goge bakinsa. In ka ce a taɓa shi, sai an mayar da shi shago an warware, sati biyu ke nan in an yi sauri."

Sati biyu. Gobe mai gidan haya zai zo karɓar makulli. Tela ya hango Sufeto zaune a kan ƙullin kayanta a bakin titi, jaka a cinya.

Ya zagaya kicin ɗin sau biyu. Ya ƙwanƙwasa bangon hagu da yatsa.

"Tayil da filasta, kaurinsu nawa?"

"Za su kai inci ɗaya."

"To in an ɓamɓare na wannan gefe da na wancan, daidai inda kabad zai rufe, ga inci biyu nan. Wa zai gani?"

"Tayil ɗin Yaya?" Kafinta ya miƙe. "Bari in fita waje tukuna, in an tambaye ni in ce ina sayen ƙusa."

Bai fita ba dai. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallo. Tela ya ɗauko guduma daga akwatin kayan aikin Kafinta, ya durƙusa a gindin bangon, ya zaɓi tayil na ƙasa. Ya ɗaga gudumar. Tayil ɗin yana sheƙi har yana ganin fuskarsa a ciki, da allin a bayan kunne. Ya tuna ranar da ta dawo da guda ɗaya a jaka, naɗe a cikin ɗankwali kamar ƙwai, ƙafafunta sun kumbura da yawo, ta ajiye shi a kan keken ɗinkinsa ta ce, "Wannan ne." Ya kuma tuna cewa matar da ke duba ƙura a saman ƙofa ba za ta kwana biyu ba ta leƙa bayan kabad ba.

Ya ajiye gudumar.

"Zan gaya mata," ya ce.

"Allah ya ba da sa'a. In shirya maka wurin kwana a shagona?"

Suka rage ƙofar don kada su zauna haka nan, Tela na riƙe, Kafinta na jan zarto yana waƙa ƙasa-ƙasa. Waƙar ta ba Tela haushi. Mai gyaran famfo ya zo ya ɗaure famfonsa, mai lantarki ya zo ya sauya wayoyin makunni biyun, Tela ya bi alamun allinsa yana gogewa ɗaya bayan ɗaya, amma ko ɗaya bai ji daɗin gogewa ba.

Ƙarfe biyu babbar mota ta tsaya a ƙofar gida. Sufeto ce a gaba kusa da direba, da jakar labulaye a cinyarta. A baya ga kabad nan lulluɓe da barguna, an ɗaure shi da igiya. Tela ya tare ta tun kafin ƙafarta ta taɓa ƙasa.

"Maman yara, kafin a sauke, akwai magana."

"Ina ji."

"Awon nan da na yi." Ya ciro tef ɗin daga wuyansa ya naɗe shi a hannu. "Na ƙara rara. Ban sani ba, hannuna ne. Kabad ɗin ya fi wurin. Kin ce a bar ƙaninki ya auna, na ƙi. Laifina ne, ba na magini ba, ba na kowa ba."

Ta dube shi daga sama har ƙasa, fuskar nan ba yabo ba fallasa.

"Inci nawa?"

"Biyu."

"A sauke a gwada."

"Ba zai shiga ba. Na auna sau uku."

"Da wane hannun? A gwada, na ce."

Su uku suka ɗauka, shi da Kafinta da direba, suna nishi, suna "a hankali, kwana, kwana." Suka ajiye a tsakiyar kicin suka yaye bargunan. Kabad ne na gani na faɗa, kuma kyan nasa ya ƙara wa Tela ciwo. Suka sa kafaɗa suka tura. Tela ya runtse ido yana jiran ƙarar dutse a kan tayil.

Kabad ya zarce sumul har ya jingina da bangon baya. Gefe da gefe, ko katin waya ba zai shiga tsakaninsa da tayil ba.

Tela ya buɗe ido. Ya sa tef a saman dutsen. Casa'in da huɗu.

Kafinta ya riga ya kai ƙasa don dariya, direba ma yana tayawa ba tare da ya san dalili ba.

"Ranar da ka aika kwalin," in ji Sufeto tana jan durowa ta farko tana mayarwa, "na kira ƙanena na ce ya cire biyu. Shekara ashirin da bakwai, Baban yara. Katifar da ka auna mana ta taɓa shiga gado? Gilashin tagar tsohon gida fa, da aka yanka sau biyu?"

"To ƙofar fa? Don me ba ki ce a cire ba?"

"Kicin nawa ne. Ƙofar ɗakin ɗinki taka ce."

"Na dai bar wa ƙofar katako mai faɗi a gefe, don na san za a rage," Kafinta ya ce daga ƙasa.

Tela ya juya kansa. "Kai kuma ɗan nema, kana kallo na ɗauki guduma!"

"Guduma?" Sufeto ta saki durowar. "Wace guduma?"

"Ta ƙofa," suka ce tare.

Ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta durƙusa ta shafa tayil ɗin ƙasa da yatsa, ta ga lafiyarsa ƙalau, ta miƙe ba ta ƙara tambaya ba.

Daga nan aka buɗe jakar labulaye. Tela ne ya ɗinka su da kansa, tun wata biyu da suka wuce. Ya hau kujera ya rataya na falo, ya sauko ya ja baya. Labulen ya rufe tagar ruf, ya sauka daidai inda ya kamata, ba ya jan ƙasa, ba ya ɗangale.

"Nan kam rararka ta yi rana," in ji Sufeto.

Tela ya mayar da tef ɗinsa wuya, ya gyara tsayuwa. "Na gaya muku ni awo..."

"Ya isa. Riƙe min wannan." Ta miƙa masa jakar labulayen, ta ciro wata ƙaramar tukunya daga ƙasanta, tukunyar da ta fara girki da ita a gidan hayarsu na farko, murfinta ya lotsa. Ta shiga kicin da ita, ta buɗe ƙofar kabad ta tsakiya, ta ajiye ta, ta rufe. Ta tsaya jim da tafin hannunta a kan dutsen.

"Direba," ta ce, "gobe ƙarfe bakwai za ka zo kwasar kaya. Baban yara, rubuta masa kada ya manta."

Tela ya zaro alli daga bayan kunne, ya juya kwalin awon ya rubuta, ya miƙa wa direba. Sufeto ta tare kwalin a hanya, ta kai shi kusa da taga ta duba, don ta tabbata ba tara ya rubuta ba.