Katin Ummusalma

Maccido ya ajiye katin asibiti a gaban malamar jinya, ya gyara zama kamar wanda ya gama aikinsa.

Ta duba katin, ta dube shi. "Baba, Ummusalma aka rubuta a nan. Ina take?"

"Tana gida, Birnin Tsaba. Ni na zo mata."

Shi a ganinsa babu abin mamaki. Shekara ashirin da bakwai shi ke zuwa kasuwa a madadinta, shi ke faɗa wa mai kemis inda ke mata ciwo. Tun da aka cire mata nonon hagu bara saboda ciwon daji, likita ya ce a riƙa kawo ta Kaura Namoda duk wata shida a duba ko cutar ta dawo. To amma hanyar Zurmi ta lalace da 'yan bindiga, kuma Maccido ba zai saka matarsa a mota ba alhali yana da ƙafa da baki.

"Baba, jiki ake dubawa, ba kati ba."

"Ki tambaye ni, ɗiyata. Lahiyarta lau. Tana cin tuwo, tana daka, jiya ma hwaɗa ta yi mini."

Malamar ta ɗauki biro. "Wurin ɗinkin ya kumbura? Akwai ƙululu a ɗaya nonon, ko a hammata?"

Gaskiyar magana, tun ranar da aka sallami Ummusalma, Maccido bai taɓa kallon wurin ba. Idan za ta sauya zane, fita yake yi wai zai duba awaki. Yana kiran abin kunya, amma tsoro ne zalla.

Ya fita baranda ya buga wa Ummusalma waya. Sai da ya tambayi awaki da ruwan randa, sannan ya maimaita tambayar malamar da ƙyar.



"Akwai ɗan abu a hammata," ta ce. "Kamar ƙwayar gujiya. Tun kahin a yanke gero."

Ya dafa bango. "Subhanallahi! Wata biyu? Mi ya hana ki hwaɗa mini?"

"Malam, kullum kai ka ce ma mutane na warke. Na ga kana jin daɗin hwaɗi."

Ya kashe wayar. Sannan ya koma ciki, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Ɗiyata, gobe ƙarhe nawa kuke buɗewa?"