Inda Kunnen Baba Ya Tsaya

Ka san irinsa. Tsohon da ake yi wa ihu a tsakar gida yana murmushi yana gyaɗa kai. Ka gan shi, ka ce tsufa ne, ka wuce abinka.

Haka 'ya'yan wani tsohon kafinta suka yi. Tun yana saurayi injin yankan katako yake kuka a kunnensa, har ta kai a ce masa hagu ya amsa dama. Ranar nan babban ɗansa ya tara iyali a falo don a karɓe makullin shago daga hannunsa.

"Baba ya ruɗe," in ji Yaya. "An ce masa kujera shida, ya yi tara. Ya zauna a gida ya huta."

Baba na zaune a tsakiyarsu yana bin leɓunansu da ido.

Auta ce ta shigo a makare, rungume da ƙaramin piyanon makarantar da take koyar da kiɗa. Ta ture kofunan shayi ta ɗora shi a tebur.

"Ga mai kiɗan gidanmu," Yaya ya ce. "Biki aka ce miki ana yi?"

"Hukunci aka ce mini ana yankewa, Yaya, ba a saurari mai laifin ba."

Ta durƙusa gaban mahaifinta, ta nuna masa ya ɗaga hannu muddin yana ji. Ta fara daga hagu, inda sauti yake da kauri kamar gurnanin babbar mota. A hankali ta taɓa, amma hannun Baba ya tashi. Ta riƙa matsawa dama, sautin yana sirancewa, yana ƙara kaifi, har ya koma kamar kukan tsuntsu. Can hannun ya sauka. Ta doki maɓallin da ƙarfi har Inna, mahaifiyarsu, ta toshe kunne. Baba bai motsa ba.

"Kun gani? Ƙarfi daban, kaifi daban. Ƙarfi shi ne yawan ƙarar. Kaifi da kauri kuwa, hawan sautin ne ko saukarsa. Injin ya cinye masa masu kaifin, ya bar masa masu kauri. Ku kuma da kun ɗaga murya sai ta sirance, ta haye daidai inda ba ya ji. Ga sauri, kamar ana korar ku."

"To likita," in ji Yaya, "a wane asibiti kika yi karatu?"

"Ban yi ba. Shi ya sa gobe zan kai shi a gwada kunnen. Kai da ka ce hankalinsa ya tafi, wa ka kai ya duba shi?"

"Ke! Da ni kike?"

"Da kai nake, Yaya. Da Inna, da ni kaina. Dukanmu ihu ya fi mana sauƙi."

Auta ta juya ta fuskanci mahaifinta, ta saukar da muryarta can ƙasan ƙirji, ta ja kowace kalma a nutse.

"Baba, so suke su karɓi makullin shago. Sun ce ka ruɗe."

Murmushin nan da Baba ya daɗe yana fakewa da shi ya gushe. Ya dubi babban ɗansa ya daɗe.

"Ashe abin da ake ta tsiwa a kai ke nan," ya ce. "Ni na ɗauka faɗa kake da matarka." Ya dafa aljihunsa. "Ga makullin nan. Mai so ya tambaye ni da muryar da zan ji."

Yaya ya buɗe baki. Ya yi gyaran murya, ya nemi kaurin da zai yi magana da shi, sai ya tarar maganar ba ta faɗuwa a hankali, ido cikin ido. Ya rufe bakin, ya kai hannu ya gyara kofin da babu abin da ya same shi.

Kai ma akwai irinsa a gidanku. Yau ka zauna gabansa, ka sauke murya, ka rage sauri, ka tambaye shi abin da ka daɗe kana yanke masa.