Kunyar Ɗan Fari

Nafiou ya daka tsalle ya danna ƙwallo cikin kwando, zauren wasan ya kaure da ihu, shi kuwa mahaifinsa Badaru sai ya sunkuyar da kai yana latsa waya. Babu abin da yake nema a wayar. Kunyar ɗan fari ce, wadda ya taso da ita tun a Damagaram, ya hau jirgi da ita har Dubai. Iyayen sauran yara, Larabawa da Indiyawa da Turawa, kowa ya miƙe yana kwarara kiran sunan ɗansa. Badaru kuwa tun ranar suna bai taɓa buɗe baki ya ce Nafiou ba. "Kai" yake cewa, in kuma ran ya yi daɗi ya ce "wancan dogon".

Amma ta wutsiyar ido babu abin da ya wuce shi. Ya ga yadda yaron ya juya ya saki ƙwallo da hagu, hannun da suka sha wahala a kansa. Kullum bayan sallar asuba, kafin motar kamfani ta kwashe shi zuwa sito a Jebel Ali, Badaru ne ke tsayawa ƙarƙashin kwandon da ke bayan gidajensu a International City, yana tsinto ƙwallo yana miƙa wa yaron. Gwiwoyinsa sun san wannan aikin, ko da bakinsa bai taɓa faɗa wa kowa ba.

Yau kuwa ba wasa ne irin na kullum ba. A gefen fili akwai wani Ba'amurke, dogo mai ɗan ɗingishi, wanda wata jami'a ta turo ya duba 'yan ajin ƙarshe na sakandare. Gurbi ɗaya gare shi, karatu da masauki duka kyauta. Kwantiragin Badaru zai ƙare a ƙarshen shekara, kuma an riga an gaya masa ba za a sabunta ba. In yaron bai samu gurbin nan ba, sai su tattara su koma Damagaram, inda babu wanda zai taso daga wata uwa duniya don ya kalli hannun hagun wani.

Da aka tashi, Ba'amurken ya ɗingiso har inda Badaru yake, Nafiou na biye da shi yana share gumi. Ya miƙa hannu, ya ce shi ba tsayi da gudu kaɗai yake dubawa ba, yana son ya ji daga bakin uba: wane irin yaro ne a gida? Yana da himma?

Daɗi ya cika Badaru. To amma wane uba ne zai tsaya gaban baƙo ya yabi ɗansa na fari, yaron kuma yana ji? Ai ko bakin mutane kaɗai ya isa abin tsoro. Sai ya yi abin da mahaifinsa ya yi masa, abin da duk mutumin kirki yake yi. Ya yatsina fuska, ya kaɗa hannu, ya tattaro ɗan Turancin da ya koya wajen lodin kwantena.

"This one? Lazy. Eat, sleep, khalas."

Wai malalaci ne, daga ci sai barci, shi ke nan. Nafiou ya sunkuyar da kai yana murmushi, don shi ya san fassarar wannan zagin. Ba'amurken bai yi murmushi ba. Ya dubi uban, ya dubi ɗan, ya ɗan taɓa wani abu a wayarsa, ya yi godiya ya wuce.

Badaru ya fita ya zauna a inuwa yana jiran yaron ya yi wanka, zuciyarsa fari tas. Har ya fara tunanin yadda zai ba Hannatou labari, uwar yaron, wadda ita ko zuwa kallon ba ta iya yi saboda tata kunyar ta fi tasa. Yana nan zaune sai ga Abdul-Nasir, mataimakin koci, ɗan zangon Kumasi, ya nufo shi fuska babu walwala.

"Baba Badaru, me ka faɗa wa mutumin nan?"

"Bon, 'yar gaisuwa ce kawai. Lafiya?"

"Wallahi da Nafiou ne a gaba. Ya ce ƙafa akwai, hannu akwai, ido akwai. Amma ya ce su abin da suka fi tsoro shi ne yaro mai baiwa marar himma. Ya ce duk tsawon wasan yana lura da kai, ko sau ɗaya ba ka ɗaga kai ba. Da ya tambaye ka kuma, ka ce lazy."

"Haba Abdul-Nasir! Ɗan fari ne fa. Kai ba ka gaya masa ba?"

"Na gaya masa, Baba. Na ce al'ada ce, na ce kai ne kake tashinsa training kullum. Sai ya ce shi ya zagaya ƙasashe, iyaye ƙarya suke yi masa don su ɗaga 'ya'yansu. In uba ya rage, to gaskiya ce ta fi ƙarfinsa. Ya ba wani yaro ɗan ƙasar Sabiya gurbin, mai lamba tara."

Badaru ya miƙe tsaye. "Ina yake? Mu je in faɗa masa da bakina. Yalla, mu je!"

"Ya tafi airport. Daga nan Doha zai wuce."

Duk da haka Badaru ya ruga wajen ajiye motoci, takalminsa na aiki yana yi masa nauyi. Babu kowa sai zafin kwalta da wani mai gadi ɗan Nepal da ya bi shi da kallo. A nan ya tsaya yana haki, maganganun da ya tara shekara da shekaru suka cika masa baki: yadda yaron ke yin atisaye da azumi, yadda ya buga wasa da targaɗe bai ce uffan ba. Yanzu da ya shirya faɗa, babu mai saurare. Ya dafa wata mota da ke kusa.

Abdul-Nasir ya iske shi a nan, ya ce zai sanar da yaron gobe. Badaru ya girgiza kai, ya ce shi ya ɓata, shi zai faɗa.

Motar bas ta International City a cike take da ma'aikata masu komawa gida. Nafiou ya samar wa mahaifinsa kujera, shi ya tsaya a gaba kaɗan, ya duƙar da wuya don kada kansa ya bugi rufi. Ya waiwayo yana dariya.

"Baba, ka ji yadda ka wanke ni gaban Bature? Ina jin dai na burge shi. Har Amurka za su san ni malalaci ne."

Yaron ya juya yana kallon hanya, jakar wasansa a kafaɗa, yana ɗan kaɗa kai kamar mai jin kiɗa. Sun wuce katafariyar kasuwar 'yan Sin, fitilu sun fara kamawa, an kusa magariba. Badaru ya kalli wannan faffaɗan bayan, ya ga ba zai iya sare masa gwiwa da "kai" ba. Ya jiƙa leɓe, ya haɗiye kunyar, ya ɗaga murya a gaban duk mutanen da ke cikin motar.

"Nafiou."

Yaron ya waiwayo da sauri. Idonsa ya tsallake mahaifinsa, ya bi fuskokin da ke kujerun baya ɗaya bayan ɗaya, yana neman wanda ya kira shi.