Abin da Mai Takobi Ya Ce wa Matarsa

Ranar Talata faifan fim ɗin ya iso Jega, kuma ranar asirin Malam Barau ya tonu.

Waliyyu mai shagon wayoyi ne ya yi masa odarsa. Da ya kira, Malam Barau ya baro Aliero a bayan babur ɗin haya, hula a karkace. Tsohon malamin makaranta ne. Tun rasuwar matarsa Murjanatu babu abin da ke burge shi. Littattafansa ma karantawa yake don ya kama marubutan da kuskure.

“Malam, fim marar kala kake wa wannan rawar jiki?” in ji Waliyyu.

“Kai da kalarka me ka tsinana?” Ya fizge faifan ya rungume.

Fim ne na mayaƙan Japan masu takobi, samurai. Da can a kaset yake da shi, hoton duk zane-zane, babu fassara. Yanzu an wanke shi, an gyara sautin. Daga bakin shagon ya kira autarsa Husna, mai aikin jinya a Maiyama, ya ce ta bar komai ta zo.

Sai a hanya, suna ratsa gonakin albasa, ya karanta bayan kwalin. An sa fassarar Turanci a ƙasan hoton. Tsoro ya kama shi.

Malam Barau bai san ko kalma ɗaya ta Japananci ba. Amma a gida an ɗauka mai karatu irinsa ba ya rasa jin kowane yare, shi kuma bai taɓa musantawa ba. Shi ke fassara wa Murjanatu, abin da ya zo bakinsa. Akwai wurin da mai takobin zai fita yaƙi, ya tsaya a ƙofa ya yi wa matarsa magana a taƙaice. Nan Malam Barau kan kafe ido a talabijin ya ce, “Ya ce mata, gidan da babu ke kango ne.” Murjanatu sai ta ja mayafi ta rufe baki. Takan sa a maido wurin. Namiji irinsa ba ya furta wa matarsa irin wannan da bakinsa, balle a gaban ’ya’ya. Bajapane kuwa babu ruwansa.

Husna ta iso bayan azahar, tun daga zaure tana ɗoki. “Baba, kunna! Wurin nan da Inna ke so nake son gani.”

“Mu kashe rubutun nan, yana ɓata hoto.”

“A’a wallahi, a bar shi.”

Ya kunna. Nan take ya manta da tsoronsa. Ga zaren rigar jarumin ana ƙirgawa, ga gumi a goshin doki. Ya miƙe tsaye. “Auta, duba! Ashe ruwan sama ne! Shekara da shekaru ina zagin kaset, ashe a cikin ruwa suke faɗan!” Da aka zare takubba har sandarsa ya ɗaga, ya kusa sauke fankar sama. Husna na dariya har da hawaye.

Sai mai takobin ya tsaya a ƙofa. Husna ta matso, leɓenta na motsi da kalmomin da ta haddace tun tana ƙarama. Rubutun ya fito. Ta karanta a hankali, ta mayar da Hausa: “Ki shigar da itace, hadari ya taso.”

Ta maido wurin. Itacen dai.

“Masu gyaran nan ba su san Japananci ba,” in ji Malam Barau. “Sun iya wanke hoto, shi ke nan.”

Husna ta juyo ta dube shi. “Baba,” ta ce, “ashe kai ne.”

“Ki yi kallo. An kusa kashe mugun.”

Ta koma gefensa ta zauna a tabarma. A talabijin matar tana kwasar itace, fuskarta fes, yadda Murjanatu ba ta taɓa ganinta ba. Sau nawa ya maido mata wurin nan, ko a ciwonta na ƙarshe, tana kwance tana saurare. Kullum yana cewa wata rana zai juyo ya dube ta ya ce: Murja, ba Bajapanen ke magana ba, ni ne.