Rabon Zarto

Takardar ta zo a jakar jikata. Uwarta ce, 'yata, ta karanta mini, a tsaye, tana neman makullin ɗakinta. Ana gayyatar iyayen 'yan aji uku ranar Asabar, ƙarfe goma, za a yi musu bayanin sabon tsarin karatu.

"Ina da aiki a asibiti ranar, Baba. Kai za ka je."

"Zan je."

"Ka je ka ji kawai. Ban ce ka yi magana ba."

Na ninke takardar na sa a aljihu. Ita ma ta san halina.

Jikar tawa muna ce mata Inci, don da aka haife ta ba ta da wani tsawo. Shekararta tara. Ubanta direban babbar mota ne, sai ya yi wata bai kwana gida ba, uwarta kuma kullum tana asibiti. Don haka in an tashi makaranta shagona take zuwa. A nan ta koyi riƙe tef ɗin awo kafin ta iya ɗaure takalmi.

A jarrabawar lissafi maki ɗaya ta rasa ta kai layin da suka ja. A sabon tsarin, wanda bai kai layin ba ba zai shiga aji huɗu ba. Na sa uwarta ta karanta mini tambayar da ta kayar da ita, sau biyu. Katako mai tsawon mita biyu, an yanka shi gida huɗu daidai da juna, nawa ne tsawon kowane? Inci ta rubuta: santimita hamsin ba kaɗan, don zarto zai ci nasa. Malama ta ja mata jan gicciye.

Shekarata hamsin da biyu ina kafinta. Aji biyu na yi a makaranta aka cire ni. Ban san abubuwa da yawa ba, amma na san zarto.

Ranar Asabar na ɗauki katako biyu, kowane mita biyu cif, na naɗe zarto a buhu. Maigadin makarantar ya tare ni a ƙofa.

"Baba Kafinta, an kira ka gyara ne?"

"Eh."

"Me ya lalace?"

"In na shiga za a gani."

Ya buɗe.

A ajin su Inci aka tara mu. Kujerun yara aka jera mana, manya kusan arba'in, kowa gwiwarsa ta kusa taɓa haɓarsa. Na jingina katakaina a bango na zauna. Kujerar tana rawa. Na juya ta na duba, ƙusa biyu kawai aka buga a ƙafar baya, babu gam. Kusa da ni mai facin bakin titinmu ne, ɗansa ajinsu ɗaya da Inci.

"Tsoho, akwatin gawar wa za ka haɗa?"

"Wanda ya fara tambaya."

Hedimasta ya yi mana sannu da zuwa, ya gabatar da baƙo daga ofishin ilimi, wani saurayi mai kwat da waya biyu. An kawo na'urar haska bango, ta ƙi tashi. Mutum uku suka taru a kanta. Daga baya baƙon ya ce ba komai, zai faɗa mana da baki abin da da mun gani.

Ya ce zamanin hadda ya wuce. Yanzu ba a son yaro ya maimaita abin da malami ya faɗa kamar aku. Ana son yaro ya yi tunani da kansa, ya tambaya, ya haɗa karatu da abin da yake gani a gida da kasuwa. Ya faɗi wannan sau huɗu, na ƙirga. Duk sanda ya faɗa sai hedimasta ya gyaɗa kai.

Ya ce an daina na ɗaya da na biyu. An daina bulala. An kuma daina cewa yaro ya faɗi.

Mai faci ya ɗaga hannu kamar ɗan aji.

"Ranka ya daɗe, in bai faɗi ba me ya yi?"

"Mataki uku ne. Akwai wanda ya zarce, akwai wanda ya kai, akwai wanda yake kan hanya."

"Nawa an rubuta yana kan hanya. Zai shiga aji huɗu?"

"Zai ƙara shekara a aji uku, don ya samu ƙarfi."

"To ai a zamaninmu wannan shi ne faɗuwa."

"Ba ma amfani da kalmar, Malam. Tana karya zuciyar yaro."

"Shi yaron ya sani sarai. Jiya ya ce mini, Baba, na faɗi."

Aka yi dariya. Baƙon ma ya yi, ya duba wayarsa ta hagu.

Sannan aka shiga rayuwar makaranta. Kowane yaro ya zo da gorar ruwa mai sunansa. Kowace rana uba ko uwa su sa hannu a littafin aikin gida. A zauna da yaro minti ashirin a tambaye shi yadda ya ji a ransa game da darasi. Wata mai sayar da kifi ta ce 'ya'yanta biyar a makarantar, in ta zauna da kowane minti ashirin wa zai kunna wuta? Baƙon ya ce tambaya ce mai kyau ƙwarai, ya rubuta ta a takarda. Bai amsa ba. Ya ce za a buɗe wa iyaye zaure a waya, duk sanarwa ta can za ta riƙa zuwa. Wayata ba ta nuna hoto. Ban faɗa ba, ba abin da ya kawo ni ke nan ba.

Da aka ce ko akwai mai sauran magana, na tashi. Gwiwata ta yi ƙara, kowa ya ji.

"Ina malamar lissafi?"

Wata yarinya ta miƙe daga bayan aji. Ba za ta girmi 'yata ba. Idonta ya nuna ba ta samun barci.

"Ga ni, Baba."

"Mita biyu, a yanka gida huɗu. Nawa?"

"Santimita hamsin."

"Kin taɓa yankawa?"

Hedimasta ya ce, "Baba, ko mu haɗu a ofis bayan an tashi?" Na ce masa a nan aka ce yaro ya haɗa karatu da abin da yake gani, to a nan za a gani.

Na jawo kujeru biyu na ɗora katako ɗaya. Na ba wa baƙon tef na ce ya auna da hannunsa. Ya auna, mita biyu. Ya auna ɗayan, mita biyu. Na ce wa mai faci ya danne mini. Na ja layi uku, na yanka. Ajin ya yi tsit, ba ka jin komai sai zarto. Mata suka janye ƙafafunsu daga garin katako.

Na kwantar da katakon da ban taɓa ba a ƙasa. Na jera guda huɗun a gefensa, baki da baki, na matse su. Ba su kai ba. Ragowar ta kusa faɗin ƙaramin yatsana.

"Ina sauran?" in ji mai kifi.

Na nuna mata garin da ke ƙasa.

"Ga shi nan. Yanka uku, zarto ya ci sau uku. Jikata ta rubuta haka, aka ja mata gicciye."

Baƙon ya durƙusa da kwat ɗinsa ya sa yatsa a wurin. Ya tashi yana tafi. Iyaye suka taya shi.

"Wannan shi ne! Jama'a, kun gani? Abin da nake faɗa tun safe ke nan. Ilimi da rayuwa! Baba, tsaya nan, riƙe zarton. Ɗaga shi kaɗan. Hedimasta, matso."

Ya ɗauke mu hoto sau uku. Ya ce zai sa ni a rahotonsa. Ya tambayi shekaruna, ya rubuta. Ya ce irin iyayen da ƙasa take buƙata ke nan.

Na ce, "To makin fa?"

"Wane maki?"

"Na jikata."

Ya dubi hedimasta. Hedimasta ya dubi Malama. Baƙon ya gyara wuyan rigarsa ya ce takardar amsa daga sama take zuwa, a rufe, kuma hamsin aka rubuta a ciki. An riga an shigar da makin a kwamfuta. In aka buɗe wa mutum ɗaya sai an buɗe wa kowa.

"Amma ka ga katakon."

"Na gani, Baba, kuma wallahi ya burge ni. Albishirinka, sabon tsarin ba ya rufe wa yaro ƙofa. Duk wanda yake kan hanya yana da dama ta biyu, nan da mako biyu."

"Tambayar za ta sake fitowa?"

"Irinta."

"Amsar fa?"

"Amsa ai ba ta canzawa."

Aka rufe taro. Mai faci ya ɗauki guntu ɗaya ya ce zai yi wa jak ɗinsa na ɗaga mota matashi. Na bar masa. Na nemi tsintsiya a bayan ƙofa na share garin, don ban taɓa barin wurin aiki da datti ba. Ina shara Malama ta zo ta riƙe mini kwali na zuba.

"Baba, da na karanta amsarta sai da na yi dariya ni kaɗai. Na nuna wa mijina. Na ajiye takardar kwana biyu kafin na ja gicciyen."

"Amma kin ja."

"Ana ɗaukar takardu goma daga kowane aji a sake dubawa. In tata ta fito a ciki, ni za a kira. Wata shida ke nan da aka ɗauke ni aiki." Ta dubi ƙofa. "Don Allah ka ce mata ta rubuta hamsin. Yarinyar ta fi kowa a ajin nan. Kada ta zauna shekara guda a kan garin katako."

Labari ya riga ni isa gida. Uwar Inci ta dawo da la'asar, ko jakarta ba ta ajiye ba.

"Na ce ka je ka ji. Ka je ka yanka katako a aji."

"An tafa mini."

"An ba ta makin?"

"A'a."

"To kai ka koya mata, kai za ka warware. Ƙawayenta duk za su wuce su bar ta da ƙannensu. Ka san ba ta ci abinci ba ranar da aka ba su sakamako? Ni ba zan iya kallon wannan shekara guda ba, Baba."

Kwana uku ina kan aikina. Na haɗa ƙofa biyu, na gyara gadon wani tela. Rana ta huɗu Inci ta zo daga makaranta ta hau bencin aiki kamar kullum, tana kaɗa ƙafa. Na ajiye guduma.

"Ke. Mita biyu gida huɗu."

"Hamsin ba kaɗan."

"Hamsin."

Ta dube ni. "Zarton fa, Kaka?"

"Na makaranta ba ya ci."

"Akwai irinsa?"

"A makaranta akwai."

"Ka saya mana mana."

"Ba a sayarwa."

Ta yi dariya, ta ɗauka wasa nake. Da ta ga fuskata ta daina.

"Kai ka ce wanda ya san awo bai cika ba ya ce ya cika, ɓarawo ne."

"Na ce."

"To?"

Na kori yaran shago uku a rayuwata a kan wannan magana. Ɗaya cikinsu ɗan ƙanena ne, uwarsa ta yi shekara ba ta gaishe ni ba. Na dubi katakon da ke jingine a bango, babu wanda ya taimake ni.

"Kina son aji huɗu?"

"Eh."

"To faɗi. Mita biyu gida huɗu."

"Hamsin."

"Da ƙarfi."

"Hamsin."

"Mita uku gida shida."

Ta buɗe baki, ta rufe. "Hamsin."

"Ba kaɗan?"

"Cif."

Haka muka yi kwana goma. Kullum sai na yi mata tambaya ashirin, igiya, yadi, katako, waya. In ta fara cewa almakashi ko zarto sai na buga benci. Ban taɓa koyar da wani abu da ya shiga da wuya haka ba, don kanta yana da kyau.

Ta yi jarrabawar ranar Litinin. Ranar Alhamis uwarta ta shigo shago da katin a hannu, tana dariya har da hawaye. An rubuta ta kai. A ƙasa hedimasta ya ƙara da hannunsa cewa yarinyar ta nuna ci gaba sosai wajen tunani. Na ce a sake karanta mini wurin. Aka sake.

Mai faci ya ce hotona yana nan a bangon ofis, ni da zarto, an rubuta wani abu a ƙasa game da haɗin kan iyaye. Ban je na gani ba. Ɗansa yana kan hanya har yanzu.

Makon da aka koma makaranta wata mata ta kawo aikin kantar ajiye kaya mai hawa huɗu. Inci ta shigo da sabuwar jakarta ta aji huɗu. Hannuna yana cikin gam, sai na tura mata katako da ƙafa.

"Ja mini layi, gida huɗu."

Ta ɗauki tef, ta zare fensir daga bayan kunnena.

"Na gida ko na makaranta, Kaka?"

"Na gida."

Ta ɗora tef. Ta tsaya tana tunani kafin ta ja layin farko. Da can ba ta tsayawa.