Kunun Ranar Gayya

Tuwon ne ya fara damun Rahab. Ranar gayyar noman audugar babanta ce, a ƙauyensu kusa da Malumfashi, ita kuma ta zo hutu daga jami'a a Zariya, inda take karatun sinadarai. Da rana tsaka ta kai akusa gona, aka bar mata su kusan yadda ta kawo. Ƙarti tun safe suna riƙe da fartanya, a ce ba mai jin yunwa?

Ta raɓe gindin ɗorawa tana kallo. Yayanta Sulemanu har ya fi makaɗi sauri, yana tauna haƙora, surutu ba tsayawa, baƙin idonsa ya buɗe duk da hasken rana. Duk wanda ya kai ƙarshen kunya sai ya nufi tulun kunun tsamiya.

Ta ɗiba ta taɓa a harshe. Can ƙarƙashin tsamin akwai ɗaci. Ta san irin wannan a aji: amfetamin, mai narkewa a ruwa ba ya barin launi, ya kashe yunwa, ya sa zuciya gudu kamar an biyo mutum. Baba kuwa, likita ya ce jininsa ya hau.

Zarginta ya faɗa kan Shitu, mai tallar magani a keke, wanda ta gani da safe a ƙofar gida. Ta matsa kusa da Goggo Tsohuwa, yayar Baba, wadda ta dama kunun.

"Goggo, Shitu ya taɓa tulun nan?"

"Wa zai bar shi? Saya kawai na yi, ni na daka ƙwayoyin a turmi, 'yar boko. A-ji-garau ce. Bara gayyar gidan Jibo har rana ta faɗi ba su gama ba, aka yi ta yi musu dariya a kasuwa. Ba dai a gidan ƙanena ba."

"To Baba fa?"

"Shi ma ya sha ya ji garau mana."

Ga Baba nan tafe yana haki, ya miƙa hannu zai ɗauki ludayi. Rahab, wadda ko gaisuwa ba a cika jin muryarta ba, ta sa ƙafa ta ture tulun. Kunu ya malale cikin kunya. Ganga ta tsaya.

Baba ya dubi 'yarsa, ya dubi yayarsa, wadda ta kau da kai tana gyara ɗankwali.

"Yaya, me ke cikin kunun nan?"

Rahab ta miƙa masa ƙwaryar ruwa.